Me ya sa tsohuwar motar soja take karkarwa? Zare 🧵

1/ Jama'a yau tarihi za mu taɓa, amma irin mai ƙaurin baƙin mai. Lokacin da nake SIWES a wani gareji, an kawo mana tsohuwar motar sojan Amurka, M35 mai taya goma, wadda aka sayo gwanjo aka ɗora mata injin haƙar rijiyar burtsatse. Ƙorafin direban ɗaya ne: "Oga, da ta kai sittin sai ta kama karkarwa kamar mai masassara."

2/ Mai motar ya riga ya sa sababbin tayoyin gaba biyu, ya canza shokazoba, kuɗi sun tafi, karkarwa tana nan daram. Ni da rawar kaina na ce a kai ta balansin. Oga ko kallona bai yi ba. Ya hau gefen direba ya ce mu je. Ba a yi minti goma ba ya ce a juya, wai a farfela matsalar take.

3/ Yadda aka yi ya gane ba tare da ya taɓa ko sifana ba, shi ya hana ni sukuni har na shiga tono. Ashe kowace karkarwa a mota tana da nata ƙidayar, kuma ƙidayar ce ke nuna mai laifi. An ɗauki shekaru da yawa, da yaƙe-yaƙe, kafin a iya karanta ta. Ku gyara zama.

4/ Mu fara daga 1919. Ran 7 ga Yuli, sojan Amurka suka tashi ayarin motoci kimanin 80 daga Washington zuwa San Francisco, don su ga ko mota za ta iya ratsa ƙasar. Tafiyar sama da kilomita 5,000 ce, ta ci kwana 62. Cikin ayarin har da wani matashin hafsa, Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

5/ Da yawa daga manyan motocin ayarin tayar roba ce zalla gare su, babu iska a ciki. Hanya kuma taɓo, yashi da gadojin katako da suka riƙa karyewa. In aka raba tafiyar, ko kilomita 10 a awa ba su cika yi ba. A irin wannan gudun ba ka tambayar daga ina girgiza take. Hanya ce ke jijjiga ka, aikinka kawai ka bi notina kana ɗaurewa.

6/ Da hanyoyi suka gyaru, gudu ya ƙaru, sai aka gano ita kanta motar tana da nata rawar. A shekarun 1920 aka shigo da tayoyi masu faɗi da laushi, aka kuma fara sa birki a ƙafafun gaba. Kwatsam direbobi suka fara kuka: mota na tafiya lafiya, ta taka ɗan rami, sai sitiyari ya kama fizge-fizge hagu da dama kamar zai ƙwace.

7/ Turawa suka sa wa abin suna shimmy, sunan wata rawa da ake yayi a lokacin, wadda ake kaɗa kafaɗu. A 1925 wani injiniyan Faransa, Georges Broulhiet, ya yi rubutu a kai, ya nuna cewa yadda taya ke lanƙwasa ta ɗan zame gefe yana cikin tushen matsalar. Kafin nan kusan kowa ƙarfe yake zargi, ba roba ba.

8/ Ga yadda abin yake. Ƙafafun gaba biyu suna kan sandar ƙarfe ɗaya. In ɗaya ta hau tudu, sandar ta karkata, duka tayoyin sun karkata ke nan alhali suna juyawa. Wanda ya taɓa wasa da katantanwa ya sani: abu mai juyawa in ka karkatar da shi, gefe yake kaucewa. Sai tayar ta juya a kan kimfin, ta dawo, ta wuce, ta sake dawowa.

9/ Abin tsoron shi ne wannan rawar daga gudun motar take samun ƙarfi, ita ke ciyar da kanta. Shi ya sa ba ta tsayawa sai ka rage gudu sosai. Motocin gida sun tsira ne da aka raba ƙafafun gaba kowace da nata sifirin. General Motors sun fito da nasu tsarin a motocin 1934, kuma injiniya Maurice Olley na cikin waɗanda suka yi aikin.

10/ Soja kuwa suka ce a bar musu sandarsu. Tana da ƙarfi, tana jure lodi, tana ba da damar ƙafafun gaba su ja, kuma ana iya gyara ta a daji. To Jeep ta gaji cutar, Land Rover ta gada. Har yau masu Jeep a Amurka suna kiranta da wani suna da ke nufin rawar ajali. Ba su yi ƙarya ba wallahi.

11/ In ka ga wannan, sako-sako ake nema: boris ɗin kimfin, kan tayarod, bushin sifirin, boris ɗin wili, ko sifirin da ya kwanta ya ɓata kusurwar da ke dawo da sitiyari tsakiya. Taya mara balansi tsokana kawai take yi. Wasu su sa sabuwar damfar sitiyari su ce an gama. Ɓoye cuta ne wannan, tana nan tana jiran rami na gaba.

12/ Amma motarmu sitiyarinta lafiya lau. Don haka mu gangara ƙarƙashi, wajen farfela, doguwar sandar nan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul. A kowane bakinta akwai kuros, ƙarfe mai hannu huɗu da ke ba ta damar juyawa ko da a karkace take. Wannan ɗan ƙarfen ya girmi mota da ɗaruruwan shekaru.

13/ A Turai da yawa suna kiransa da sunan Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16. A Ingila kuma da sunan Robert Hooke, wanda ya yi nazarinsa a shekarun 1670. Hooke ya lura da wani abu: in sanda biyu suka haɗu a karkace ta kuros, ta farko tana juyawa daidai, amma ta biyun tana sauri ta rage, sau biyu a kowane zagaye ɗaya.

14/ Ku riƙe "sau biyu" ɗin nan, za mu dawo kansa.

15/ Wanda ya shigo da shi mota sosai shi ne Clarence Spicer. Yana ɗalibi a jami'ar Cornell ya samu rajistar ƙirarsa a 1903, kuros a cikin rufi mai riƙe giris, a lokacin da motoci da yawa da sarƙa suke ja kamar keke. A 1904 ya fara ƙerawa a New Jersey. Ɗalibi fa. Ni kuma a shekarun nan ina nan ina lissafin kuɗin handawut 😭

16/ Maganin sauri-da-ragewar Hooke shi ne kuros biyu. Na farko ya ɓata, na biyu ya gyara. Amma da sharaɗi: kunnuwan da ke riƙe kuros a bakin farfela biyu dole su kalli gefe ɗaya, kusurwoyin biyu kuma su kusa zama daidai. In aka zare farfela daga haƙoranta aka mayar da ita a gurguje ta goce, gyaran ba zai cika ba. In gocewar ta yi yawa ma, na biyun ƙara ɓatawa zai yi.

17/ Shi ya sa sau da yawa za ka ga an buga alamar kibiya biyu a jikin farfela, don su fuskanci juna. Tsatsa da fenti sukan rufe su. A ƙafafun gaba kuma, inda taya ke ja tana kuma lanƙwasa kwana, kusurwar ta yi wa kuros ɗaya yawa, sai aka ƙirƙiro mahaɗa masu juyi bai-ɗaya: Rzeppa, Bendix-Weiss da Tracta. Duka ukun an sa su a Jeep na yaƙin duniya na biyu.

18/ A wannan yaƙin ne abin ya zama babba. Babbar motar dakon Amurka ita ce GMC CCKW, mai ɗaukar tan biyu da rabi, aksul uku duka suna ja. An ƙera sama da 560,000 tsakanin 1941 da 1945. Farfela biyar ce a ƙarƙashinta, ban da ta winci. Kuros goma ke nan, kowanne yana son giris, kowanne yana iya zama mai laifi.

19/ Bayan saukar sojojin ƙawance a Normandy a Yunin 1944, sun kutsa cikin Faransa da sauri fiye da yadda aka tsara. Layin dogo kuwa su da kansu suka ragargaza shi da bama-bamai tun kafin su sauka. Man fetur, harsashi da abinci duk suna bakin teku, mayaƙa suna can gaba da ɗaruruwan kilomita. Sai aka ce mota ce mafita.

20/ Shi ne Red Ball Express, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba 1944. A ganiyarsa motoci kusan 6,000 ne a hanya, suna kai sama da tan 12,000 a rana. Kimanin kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne, domin a lokacin sojan Amurka a ware suke, kuma yawanci aikin dako ake tura baƙaƙe. Ba kasafai fina-finai ke nuna wannan ba.

21/ Doka ta ce kada a wuce kilomita 40 a awa. Direbobi suka riƙa cire na'urar da ke ƙayyade gudun inji. Aka riƙa lodi fiye da ƙima, dare da rana, ba lokacin giris. Kuma lodi ba nauyi kaɗai yake ƙarawa ba. Sifirin ya kwanta, kusurwar farfela ta canza, kuros ya ci wuya, taya ta yi zafi. Kafin a rufe hanyar, taya ta zama abin nema, motoci birjik a gefen titi.

22/ Ɗan ratse: a yaƙin nan dubban 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan Arewa da yawa, sun je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ƙarƙashin Ingila, kuma a soja wasunsu suka koyi tuƙi da kanikanci. Oga ya ce wanda ya koya wa maigidansa aiki tsohon sojan Bama ne. Ya ce tsohon kan kafa dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ya ɗora kunne a ƙotar ya saurara.

23/ Abin da sojan Amurka suka ɗauka daga wannan wahala shi ne direba ne likitan farko. A Yunin 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya, suka fara fitar da mujallar PS, ta kula da kayan aiki, da zanen barkwanci na Will Eisner. Sun san saurayi ɗan shekara 19 ba zai karanta littafi mai kauri ba, amma zai karanta zane. A daidai wannan zamanin ne M35 ta kamfanin REO ta fito, ta yi Koriya, ta yi Biyetnam, ta kai har yaƙin Gulf.

24/ To yanzu ga abin da oga ya yi a minti goman nan. Tambayar farko: karkarwar inji take bi ko gudun mota? Kafin mu tashi ya sa direba ya taka totur a tsaye, giya a firi. Shiru. Da ta bayyana a nan, da sai a duba robar kujerar inji, fanka, kulochi ko filawil. A hanya kuma ya sa aka canza giya ba tare da an canza gudu ba. Karkarwa ba ta canza ba. Inji ya fita daga zargi.

25/ Ta biyu: a hankali take kaɗawa ko da sauri? A nan lissafi ya shigo, kuma a nan na ji daɗi don na ga amfanin aji. Tayar M35 lamba 9.00-20 ce, kewayenta kusan mita 3.2. A gudun kilomita 60 a awa, mota na cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Raba ka gani: taya tana zagaye kusan sau 5 a daƙiƙa.

26/ Aksul ɗinta kuma 6.72 ne. Wato farfela sai ta juya sau 6.72 kafin taya ta juya sau ɗaya. To a wannan gudun farfela na yin kusan zagaye 35 a daƙiƙa. In kuma matsalar irin ta Hooke ce, sau biyu a kowane zagaye, ka samu 70. Biyar, talatin da biyar, saba'in. Jikin mutum yana bambance su sarai ko bai san lissafi ba.

27/ Biyar a daƙiƙa girgiza ce da ido ke gani: sitiyari na kaɗawa, kujera na tsalle, kwalbar ruwa na rawa. Taya ce ko wili. Talatin da biyar kuwa zirrr ce a tafin ƙafa, madubi ya yi dishi-dishi. Saba'in ta fi kama da gurnani, kunne ya fi jin ta. Oga madubin gefe ya kalla, ya cire takalmi ya dafa ƙasan mota da ƙafa. Ni ina tsammanin zafi yake ji 😂

28/ Ta uku: totur yana canza ta? Abu mara balansi, kamar taɓon da ya bushe cikin wili ko farfelar da ta lanƙwashe, ba ruwansa da totur, gudu kawai ya sani. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin fizgarsa ya ninka huɗu. Amma kuros da ya ci, ko wanda ya goce, ya fi kuka in ana jan lodi. Da direba ya taka kulochi, tamu ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba.

29/ Don Allah wannan gwajin a miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso ake yinsa, na 'yan daƙiƙu. Ba a gangara ba, kuma ba a kashe inji. Birkin irin motocin nan da taimakon iska yake aiki.

30/ Akwai masu yaudara guda biyu a tsofaffin motocin soja. Na farko tayoyin zaren nailan na da. In mota ta daɗe a tsaye, gefen da ke ƙasa yakan baje, da safe ta riƙa dukan ƙasa dum dum dum, bayan 'yan kilomita roba ta ɗumama ya ragu ko ya tafi. In karkarwa tana tafiya da kanta bayan an ɗan yi tafiya, kar ka yi saurin kwance komai.

31/ Na biyu ya fi wayo. A M35 babu abin da ke raba juyi tsakanin aksul biyu na baya, dole su juya tare. In tayoyin ɗaya sababbi ne na ɗayan kuma sun cinye, kowanne na son nasa gudun. Sai su riƙa kokawa ta cikin farfela, taya ta murje, mota ta riƙa ɗan tsalle a kwalta. Maganin igiyar awo ce: a auna kewayen kowace taya a haɗa masu kama da juna.

32/ Sauran dabarun na alli ne da haƙuri. A ɗaga ƙafa da jak, a juya taya, a riƙe alli kusa da ita. Inda ya taɓa, nan ne tudun. Ko a cire farfela ɗaya, misali ta gaba, a yi gwaji a ga ko abin ya tafi. Amma birkin hannun M35 a bayan ogzilari yake, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Ka cire farfelar baya ba ka sa waigi a taya ba, mota za ta gangaro kanka.

33/ Haka wilinta mai zoben ƙarfe ne. In zoben bai zauna daidai ba aka hura iska, yakan fita da ƙarfin da ke kashe mutum. Masu faci na manyan motoci sun san wannan. Kar ka tsaya a gabansa kana kallo.

34/ Af, akwai na'urar wannan ƙidayar tun farkon ƙarni na 20. Wani Bajamushe, Hermann Frahm, ya yi ta: jerin siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji, kowanne da gudun da yake amsawa. Ka ɗora a jikin inji, wanda ya fi rawa shi ya gaya maka lambar. Yau wayar hannunka tana da abin auna motsi da zai yi kusan wannan aikin.

35/ Saura tirela, ina nufin ƙaramar da motar soja ke ja a baya. Tata mahaɗar zobe ce da ƙugiya, kuma da gangan aka bar sarari a tsakani don ta iya murɗawa a kwazazzabo. Saboda haka ƙarar gam! in an tashi ko an taka birki ba baƙon abu ba ne. Gwajin farko mai sauƙi ne: a kwance ta a yi tafiya. In karkarwa ta tafi, an san gidan da za a shiga.

36/ Wani abin tausayi: kamfanin Bantam ne ya fara ƙera Jeep a 1940, amma babbar kwangila ta tafi wajen Willys da Ford. Su Bantam suka ƙare da ƙera ƙananan tirelolin da Jeep ɗin ke ja.

37/ Tirela tana da cuta iri uku da ake rikitawa. In babu kaya, sifirinta mai tauri da taya cike da iska sukan sa ta tsalle kamar akuya. In boris ya ci, za ka ji gurnani, in ka tsaya ka kai hannu kusa da cibiyar wili za ka ji zafi fiye da ɗaya gefen. Ta ukun ita ce mai kisa: wutsiya ta kama lilo hagu da dama.

38/ Lilon nan 'yar'uwar shimmy ce, ita ma daga gudu take cin abinci. Yawanci lodi ne aka tara a baya, bakin tirela ya yi sakayau. Ƙa'idar da aka saba ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan ƙugiya. In ta fara, a saki totur a hankali a riƙe sitiyari a miƙe. Mai ƙoƙarin bin ta da sitiyari ƙara mata ƙarfi yake yi.

39/ Mu koma gareji. Muka sa waigi gaba da baya, oga ya shiga ƙasa da tocila, ya kira ni. "Ɗan boko, zo ka gani." Kunnuwan farfelar da ke zuwa aksul na tsakiya ba sa kallon gefe ɗaya. Da muka kankare fenti sai ga kibiyoyin nan biyu, kowace ta kama gabanta. Direba ya tuna an zare ta lokacin da ake ɗora injin haƙa.

40/ Muka zare, muka daidaita kibiya da kibiya. Kuros ɗaya ya riga ya ci saboda wahalar da ya sha, muka canza shi, muka bi sauran da giris. Aka fita gwaji, sittin, saba'in, madubi tar. Na ce wa oga ai wani Bature ya bayyana wannan tun shekarun 1670. Ya ce to madalla, miƙo min sha huɗu.

41/ Tayoyin gaba biyun da mai motar ya cire kuwa lafiyarsu ƙalau. Ranar da na gama SIWES suna nan jingine a bayan garejin, yara na zama a kai suna cin gyaɗa.